Ruwan Alwalar Da Ya Ciyar Da Ragunan Kalilu

Akwai wani mai kiwon raguna a garin Babban Mutum, sunansa Kalilu. Mutum ne mai zafin nema. Idan aka ce masa an daɗe ba a gan shi a sahu ba, sai ya ce, "Neman halal ma ai ibada ne," ya buga babur ya nufi kasuwar Mai'adua.

Garkensa yana bayan masallacin unguwa. Limamin kuwa shi ne Malam Sabiru, bawan Allah mai gudun duniya. Ba ya noma, ba ya kiwo, daga buzunsa sai littafi. Kullum maganarsa ita ce, "Duniya mushe ce, mai hankali ba ya kusantar ta."

To, jama'a, abin da ya haɗa mutanen nan biyu faɗa shi ne ruwan alwala!

Ruwan yana bin wata magudana, ya fita ta bayan masallaci, ya taru a bakin garken Kalilu. Wurin ya zama caɓi, ga sauro, ga wari. Har raguna biyu suka kamu da ciwon kofato.

Rannan bayan La'asar sai ga Kalilu da buhun siminti a kafaɗa.

"Yau sai na toshe magudanar nan, Malam! Dabbobina za su mutu!"

Malam Sabiru ya miƙe. "Saboda raguna za ka hana bayin Allah tsarki? Kai dai duniya ta cinye ka, Kalilu."

"Ku kuma da ba ku nema, ran Sallah wa kuke jira ya kawo muku nama?"

Subhanallah! Mutane suka taru, murya ta yi sama, har an fara zancen a tafi wurin mai unguwa.

Ana cikin haka sai Yelwa ta ratso taron. Yayar Malam ce, dattijuwa, mijinta ya rasu, tana sayar da kwaɗon zogale a ƙofar gida.

Ta ce, "Ruwan nan dai kowa ya ƙi shi ko? To ku ba ni. Da shi, da ɗan filin can na gefen masallaci."

Filin babu komai a cikinsa sai rairayi da tarin leda. Aka kwashe da dariya.

Malam ya yi ƙasa da murya. "Yaya, da shekarunki? Ki riƙe carbi mana, ki bar wahalar duniya."

"Malam, ba kai ka karantar da mu ba, cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ya ci, ko tsuntsu, ko dabba, an rubuta masa sadaka? Ko ban ji daidai ba?"

Malam ya bar mata filin, don da bakinsa ya faɗa.

Washegari Yelwa ta fito da fartanya. Ta tsince ledoji, ta karkata magudanar zuwa filin, ta kakkafa sandunan zogale. Ta je wurin Kalilu neman kashin raguna, ya ce, "Kwashe duka, Inna, kin rage mini shara." Yana faɗa yana dariya.

Ba ta fasa ba. Awaki suka cinye dashen farko, ta kewaye da ƙaya ta sake. Ta ƙara da rama, da dankali, da gwaiba biyu. Sau biyar a rana masallata na alwala, sau biyar shukarta na shan ruwa.

Kafin shekara biyu, wallahi sai ka rantse ba wurin ba ne! Kore shar, tsuntsaye na ta kai da komo, tsofaffi na shimfiɗa tabarma a inuwa suna jiran Azahar.

Sai aka shiga wata bazara mai tsanani. Ruwa ya yi jinkiri, daji ya ƙone ƙurmus, harawa ta yi wuyar samu ko da kuɗinka. Ga Babbar Sallah ta matso. Ragunan Kalilu suka fara ramewa, har kana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Babban cikinsu, wanda ya fi sa wa rai, ya kwanta ya kasa tashi.

Kalilu ya zagaya kasuwanni ya dawo da buhu wayam. Ya tsaya a bakin shingen Yelwa, ya cire hula, yana leƙen ganyen lambun.

Yelwa ta ɗago ta dube shi. "Shigo mana, ɗan nan. Ga lauje can. Yanki ganyen dankali da zogale, amma ka bar mini saiwa."

"Inna, ni da na yi miki dariya?"

"Ragunan ba su yi ba."

Kullum safe da yamma Kalilu na yanka yana haɗawa da ɗan dusar da ya samu. Kwana huɗu babban ragon ya miƙe da ƙafafunsa! Kalilu ya fito da gudu yana ɗaga hannu, "Ya tashi! Inna, wallahi ya tashi!" Ko ɗaya bai mutu ba, kuma kafin Sallah duk ya sayar da su lafiya.

Ranar da ya dawo daga kasuwa, ya tsaya yana kallon ruwan da ke gangarowa cikin lambun daidai lokacin Azahar. Ashe alwalar mutanen da yake wucewa a kan babur ita ta rayar masa da dukiya.

Ya ɗauki buta ya tsuguna a cikin masallata. Malam Sabiru ya gan shi ya ce, "A'a, Kalilu, yau kai ne?"

"Allah gafarta Malam, na daɗe ina cin na mutane. Na zo in zuba nawa."

Aka yi ta kabbara ana dariya.

Bayan an sallame, Malam ya ce kowa ya dakata. Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru ina karantar da hadisin dashe, ban taɓa dasa ko tsinke ba. Yayata da ba ta kai ni karatu ba ta riga ni aiki da shi."

Ya naɗe hannun riga, ya karɓi fartanya, ya haƙa rami da kansa. Kalilu ya turo baro cike da taki. A ranar suka dasa darbejiya goma sha biyu a gaban masallaci, liman na haƙa, mai raguna na zuba ƙasa, Yelwa na tsaye tana ce musu, "Ku ƙara zurfi, malalata!"

Darasi: Neman duniya da neman lahira ba abokan gaba ba ne. Wanda ya kula da ruwa da ƙasa da itatuwan da Allah Ya ba mu amana, zai ci a nan, ya tarar a can. Kada ibada ta sa ka raina aiki, kada nema ya raba ka da sahu. Ku tura wa 'yan uwa da limamin unguwarku, ko Allah Ya sa wani ya dasa itace ɗaya a sanadinku.