Muryar da Aka Wanke a Katako

Akwai wata mata a unguwar Banifandou mai suna Salamatu, ƴar Maradi ce da aure ya kawo Yamai. Mijinta Ɗanjuma direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga bakin teku.

Hanyar da suke bi a shekarun nan ba ta da daɗi. Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai a ayari, da sojoji gaba da baya. Akwai dazuzzukan da ake ratsawa babu rezo, wato sabis na waya, ko ɗigo.

Ɗanjuma yana da wata ɗabi'a. Duk ƙasar da ya shiga sai ya sayi sabon layi, alhali sauran direbobi ba su damu da haka ba. Da rezo ya leƙo, sai ya yi sauri ya aiko wa matarsa saƙon murya ta WhatsApp. A ƙarshen saƙon yakan ambaci abokan tafiyarsa, ya ce ta sanar da gidajensu suna lafiya.

Ta haka Salamatu ta zama kunnen gidaje da dama. Ɗaya daga ciki gidan wata tsohuwa ce Bazabarma a unguwar Yantala, Inna Zeinabu, mahaifiyar wani direba mai suna Mumuni.

Wata safiya Salamatu tana wanke-wanke, maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga. Ta ce ana ta faɗa a tasha cewa an tare wani ayari a daji, an ƙona motoci. Ba ta san wane ayari ba ne, ba ta kuma san ko an rasa rai ba.

Salamatu ta tsame hannu daga ruwan sabulu, ta shiga ɗaki ta ɗauko wayarta. Ga saƙon murya ya shigo tun da sassafe, daga sabuwar lambar nan ta ƙasar waje da ba ta kai ga ajiyewa ba.

Ta danna. Ƴar da'irar da ke kan saƙon ta juya, ta juya, ta tsaya. Wayar ta rubuto da Faransanci cewa babu wuri.

Ta sake dannawa, amsar ita ce dai. Muryar mijinta tana tafin hannunta, amma ta ƙi buɗuwa. Shin cewa ya yi suna lafiya? Ko bankwana yake yi? Ko ma wani ne ya tsinci wayar a ƙasa yake neman iyalin mai ita? Ta zauna a bakin gado.

Maƙwabciyar ce ta ce wayar ta cika, ta je kasuwar Katako a kwashe mata aplikasiyon a zuba cikin katin memori, ai haka ake yi. Salamatu ta bar mata ƴarta Rahama, ta yafa mayafi ta fita, takalmi ma ba ta duba ko iri ɗaya ba ne.

A gefen layin masu katako akwai rumfar wani mai gyaran waya, Zakari, haifaffen Yamai. Ya iya aiki, wannan ba a musu. Amma iyawar ta hau masa kai. Idan mace ta kawo waya, musamman mai zani da mayafi, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Ya riga ya yanke cewa ba ta san komai ba, don haka babu abin da za ta faɗa masa.

Salamatu ta yi sallama, ta fara bayani cewa akwai saƙon da take son ji, na maigidanta ne, yana kan hanya. Zakari ya karɓe wayar kafin ta kai ƙarshe. Yana hira da Zabarmanci da abokinsa kan ƙwallon jiya, yana latsawa da babban yatsa.

"Madam, wayarki ta cika kamar motar haya ta faba-faba ranar kasuwa," in ji shi, abokin ya yi dariya. "Akwai kati ciki. Amma sai an wanke shi kafin ya ɗauki aplikasiyon. A wanke?"

Salamatu ta taɓa ganin masu gyara suna goge cikin waya da ɗan burushi da wani ruwa mai wari. Shi ta ɗauka yake nufi. Wace mace ce za a ce mata a wanke abu ta ce a bar shi da datti?

"A wanke mana," in ji ta. "Amma don Allah saƙon nan..."

"Ki zauna can, na ji."

Bai ji ba. A bakin masu gyara, wanke kati yana nufin share duk abin da ke cikinsa, a mayar da shi fayau kamar ranar da aka saye shi. Zakari ya san haka. Ya kuma san, ko ya kamata ya sani, cewa matar da ke gabansa ba ta san haka ba. Jimla ɗaya ta ishe shi ya yi mata bayani, bai ga ta cancanci jimlar ba.

Abin da ya fi ciwo, ba a ma bukatar wannan aikin duka. Da ya saurare ta, bidiyon biki biyu ko uku zai share, saƙon ya buɗe nan take.

Ya wanke katin. Hotunan sunan Rahama suka tafi, da hotunan mahaifiyar Salamatu da ta rasu bara, da tsofaffin muryoyin Ɗanjuma da take saurare idan kewa ta dame ta. Sannan ya shiga kwashe aplikasiyon ɗaya bayan ɗaya zuwa katin. Wasu suka koma, wasu suka ƙi, domin ba kowace ce take yarda ta zauna a kati ba.

WhatsApp na cikin waɗanda suka ƙi, kuma ita ce ta fi cin wuri. Zakari ya ja tsaki, ya cire ta gaba ɗaya, ya sake saka sabuwa. Ya miƙa wa Salamatu wayar yana cewa yanzu ta yi sauƙi, har fim za ta iya zubawa.

Salamatu ta buɗe WhatsApp ɗin. Fari fat. Babu saƙo, babu lamba, babu komai.

"Ina muryar?"

"Wace murya?"

"Ta maigidana. Ita ce ta kawo ni."

Zakari ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ai ya tambaye ta, da bakinta ta ce a wanke, ga shaida nan zaune. Ya ce in mijin nata yana son ta, zai sake aikowa. Sannan ya kira wanda ke bayanta.

Salamatu ba ta zage shi ba. Tsoron da ke cikinta bai bar wurin zagi ba. Ta tsaya tsakiyar Katako, masu kura suna ce mata ta kauce, ƙarar zarto na shiga kunnenta, tana ƙoƙarin tuno lambar. Farkonta kawai ta riƙe. Ta kira tsohon layin Ɗanjuma na nan gida, aka ce a kashe yake. Ta je tasha, kowa da labarinsa, wani ya ce mota biyu, wani ya ce ayarin duka.

Ta koma gida ta ajiye wayar a kan tabarma, ta zauna tana kallon ta. Ko babur ya wuce a waje sai ta ɗauka masu kawo mummunan labari ne. Rahama ta tambaye ta yaushe Baba zai zo, ta ce mata ta je ta yi wasa.

Bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gidan da gaske. Aka yi sallama. Inna Zeinabu ce ta shigo tana dogara sanda, idanunta sun yi ja. Labarin ya kai Yantala, ta kasa zama, ta sa ƙaramin ɗanta ya rufe rumfa ya kawo ta wurin matar da ke kawo mata labarin Mumuni.

Ɗan ya shigo bayanta, riƙe da makullin babur. Zakari ne.

Ya daɗe yana jin mahaifiyarsa tana sa wa wata matar direba albarka, amma bai taɓa ganin ta ba. Yanzu ya gan ta, ya kuma gane mayafin. Ya tsaya a bakin zaure kamar an kafe shi.

Tsohuwar ta kama hannun Salamatu. Da Hausarta mai karyewa ta ce, "Ɗiyata, mijinki ya aiko? Mumuni na ciki? Ki gaya mini ko mene ne, zan iya ɗauka."

Salamatu ta ce ya aiko, tun da safe.

"To me ya ce?"

Salamatu ta ɗauki wayar daga tabarma. Ba ta ba tsohuwar ba, Zakari ta miƙa wa.

"Ga ta. Kai ka wanke ta."

Inna Zeinabu ta dubi ɗanta, ta dubi Salamatu, ba ta gane ba. Zakari ne da kansa ya yi mata bayani da Zabarmanci, muryarsa can ƙasa. Tsohuwar ta kau da kai daga gare shi, ta koma gefen Salamatu ta zauna.

Zakari ya durƙusa a tsakar gidan ya yi duk dabarar da ya sani. Ya cire katin ya mayar, ya kira abokan sana'a, ya nemi ajiyar kwafin saƙonni da ba a taɓa yi ba. Zufa tana ɗiga a kan gilashin wayar. Kowa ya kira, amsa ɗaya ce: abin da aka wanke, aka kuma zuba wani abu a kansa, ya tafi.

Salamatu tana da damar ta kore su, ba ta yi ba. Ta shimfiɗa wa tsohuwar tabarma a ɗakinta, ta dama mata fura, ta ce ta kwana nan, duk abin da ya shigo su ji tare.

Washegari Zakari ya dawo tun hantsi bai ɗaga ba, ya zauna a zaure. Ba wanda ya ce masa ya shigo, ba wanda ya ce ya tafi. Rana ta take, aka yi azahar, shiru.

Can wayar ta yi ƙara. Saƙon murya, daga lambar ƙasar waje. Salamatu ta kasa dannawa, sai da tsohuwar ta riƙe mata wuyan hannu.

Muryar Ɗanjuma ce, a dishe, ana jin iska a bayansa. Ya ce yana lafiya, motarsa ma ba abin da ya same ta, suna tafe a hankali. Salamatu ta kifa goshinta a kan tabarma.

Amma bai gama ba. "Ina fata kin isar da saƙon jiya," in ji shi. "Mumuni da sojoji suka wuce da shi asibiti a Yamai, yaya jikin nasa? Na ce miki jini yake bukata, kuma takardunsa sun ƙone a mota, ba wanda zai san shi in ƴan'uwansa ba su je ba."

Zakari yana bakin ƙofa, ya ji kowace kalma. Tun jiya da safe yayansa yana kwance a cikin garin nan, ba shi da nisa da rumfar da yake zaune yana ba'a da faba-faba.

Sun sami Mumuni da rai, da ƙyar. Wani bawan Allah da ya zo jinyar matarsa ne ya ba da jini, bayan an daɗe ana neman dangi. Ma'aikatan jinya suka ce in ya farfaɗo sai ya yi ta kiran mahaifiyarsa, su kuwa ba su san inda za su same ta ba. Ya warke daga baya, amma ya daɗe a kwance, kuma har yau bai koma tuƙi ba.

Ɗanjuma ya iso gida lafiya. Zakari ya zo har tsakar gida ya nemi gafara, Salamatu ta ce ta yafe. Sai dai ta roƙe shi abu ɗaya: ya dawo mata da hoton mahaifiyarta ko guda, don Rahama ta fara manta fuskar kakarta.

Zakari ya sunkuyar da kai. Wannan ba ya cikin abin da ya iya.

Darasi: Kada ka raina wanda ya kawo maka aiki har ka ƙi sauraren abin da ya kawo shi, domin ba ka san ko amsar da kake nema gobe tana cikin abin da kake sharewa yau ba. Ku masu waya, kafin a kwashe muku aplikasiyon zuwa kati, ku saurari saƙonninku, ku ajiye lambobi, ku kwafe hotuna a wani wuri, kuma duk kalmar da ba ku gane ba ku ce a fassara. Ku masu gyara, "ai na tambaye ta" ba hujja ba ce idan kun san ba ta fahimci tambayar ba. Yafiyar Salamatu ba ta sauke muku nauyi ba. Wajibi ne shugabannin sana'arku su kafa doka cewa ba a share wa kowa komai sai an faɗa masa ƙarara, da harshen da yake ji, abin da zai rasa, kuma wanda ya karya ta a hukunta shi. Ku tura wannan ga iyayenku mata da duk wani mai gyaran waya da kuka sani.