Inuwar Dabinon Kurmi

A zamanin da, a wata ƙasa wadda sunanta bai iso gare mu ba, an yi wani Sarki adali mai aibi guda: ba ya iya jira. Idan ya sa a dafa masa abu, tun ba a hura wuta ba yake aikawa a dubo ko ya nuna.

Wata rana wani farke ya zo daga can kudu, bayan manyan koguna, ya kawo masa gaisuwar wani tsiro a cikin kasko. Ganyensa kamar na dabino, amma ya fi tauri da ƙaya, gindinsa kuwa dunƙulalle mai ɓawo kamar bayan kada. A al'adar wannan fada baƙo ba ya magana da Sarki baki da baki, sai dai ya raɗa wa Waziri, Waziri ya ɗaga murya ya isar. Abin da Waziri Zubairu ya isar shi ne, idan wannan itace ya riƙa, tsawonsa zai kai mutum uku a tsaye bisa juna, kowane ganye ya fi mashi biyu, fadawa duka su zauna a gindinsa rana ba ta taɓa kowa ba. Sarki ya ji daɗi, ya ba Waziri rigar albishir, ya sa wa tsiron suna dabinon kurmi. Aka dasa shi a tsakiyar filin fada, aka damƙa shi a hannun Sarkin Lambu Nomau.

Shi Nomau mutum ne da ya fara manyanta, mai wayo kamar dila, kuma a ganinsa duk ƙasar babu gemu irin nasa. Yana shafa masa man shanu da safe, ya taje shi da yamma, idan ya bi ta kasuwa ba a yaba ba sai ya sake biyowa. Amma a aikin lambu ba a kushe shi. Ya ba dabinon kurmi takin tattabaru, ya ba shi ruwan rijiyar Sarki, ya kore masa awaki, har lallashinsa yake yi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wasu suka biyo, itacen nan sai ya fitar da 'yan ganye sau ɗaya a shekara ya koma ya yi zamansa. Yaran da aka haifa ranar da aka dasa shi suka fi shi tsawo.

Sarki ya gaji. Waziri kuwa, da ma yana da ɗan 'yar'uwa da yake so a naɗa wa sarautar lambu, sai ya riƙa faɗi a fada cewa da kulawar da ake ba gemu ake ba itace, da tuni an sha inuwa. Ran nan Sarki ya yanke hukunci: idan aka sha ruwan Sallah bai zauna a inuwar dabinon kurmi da tsakar rana ba, za a kwance wa Nomau rawani, a aske masa gemu a bakin kasuwa.

Nomau ya koma gida yana huci. Rawani ma da sauƙi, amma gemu? Gemun da yake reno tun Waziri yana ɗaukar takalman mutane? Ya zauna yana lissafa wa bango alherin da ya yi wa wannan fada, da butulcin da aka saka masa da shi. Cikin wannan ƙorafi ne ya tuna ranar da farken ya zo. Ya tuna mutumin ya daɗe yana raɗa, har yana nuna gaɓar ɗan yatsansa yana girgiza kai, amma abin da Waziri ya faɗa bai kai tsawon wannan raɗa ba, kuma babu yatsa a ciki. Nomau ya shafa gemu ya yi murmushi. Ba shi da shaida, farken kuma ya daɗe da tafiya, saboda haka dole maganar ta fito daga bakin mai ita.

Washegari ya roƙi a kewaye wurin da zana, ya ce itacen yana jin kunyar idon mutane. Ya kawo masu haƙar rijiya, suka yi ta aiki.

Bayan Sallah, da rana ta take tsaka, Sarki ya fito da fadawansa aka yaye zana. Sai ga rami mai faɗi an haƙa kewaye da itacen, an bar shi a bisa wani ginshiƙin ƙasa da aka yi wa yaɓe da zane. A gindin ginshiƙin an shimfiɗa buzu da kilisai, 'yan ganyen nan sun yi wa wurin rumfa daidai mutum ɗaya. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce shi umarni ya ji: an ce Sarki ya zauna a inuwa, ba a ce itace ya hau sama ba. Sarki ya so ya yi fushi, amma dariya ta riga shi. Ya sauka ya zauna, inuwa kuwa ta rufe shi har gwiwa.

To, a wannan fada kan kowa ba ya wuce na Sarki tsawo. Da fadawa suka ga sun tsaya a kan Sarki suna leƙensa, sai hankalinsu ya tashi. Nomau ya ce kada su damu, ai bai manta da manya ba. Ya nuna musu wani kwari da aka zurfafa a gaban mazaunin Sarki, kowa da wurinsa gwargwadon girmansa, wurin Waziri kuwa shi ne mafi kusa, kuma mafi zurfi. Nan ne ruwan ban-ruwa yake taruwa, nan ne kuma cinnaku suka yi gida.

Waziri ya durƙusa cikin taɓo da rigarsa ta albishir. Sarki ya ce wurin ya yi masa, nan za a riƙa zaman fada kullum har itacen ya girma a cike ramin. Nomau ya ce ai ba za a daɗe ba, tunda mai girma Waziri da bakinsa ya ce kulawa kaɗai itacen yake jira. Rana ta buɗe, cinnaku suka sami hanya ta ƙafar wando. Waziri ya daure, ya muskuta, ya sake daurewa. Da Nomau ya fara ba da shawarar a ƙara wa wurin Waziri zurfi don girmamawa, sai haƙuri ya ƙare.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan zama ba shi da ranar tashi. Itacen nan gaɓar yatsa yake ƙarawa a shekara. Ko jikan jikanka ba zai ga ƙarshen girmansa ba, farken ma haka ya ce."

Sarki ya dube shi ya ce, "Farken ya ce? Yaushe ya ce, Waziri, ni ban ji ba?"

Nomau ya dafe ƙirji, ya juya ga fadawa yana neman su taya shi jin wannan abu. Ya ce, "Zaki, ka ji fa. Ni ina can ina roƙon itace kamar mai biko, shi kuwa Waziri ya san amsa ya haɗiye, don rabin magana ya fi kawo riga. Ni dai ba don kaina nake kuka ba. Wannan gemu me ya yi masa?"

Sai Waziri ya faɗi sauran abin da ya ɓoye: girman da aka ambata gaskiya ne, amma wanda farken ya gani a ƙasarsu ba wanda ya san wanda ya dasa shi. Sarki ya daɗe yana kallon ganyen da ke bisa kansa. Sannan ya sa a cike ramin, a ja katangar fada baya don a bar wa itacen filin da zai buƙata a zamanin sarkin da ba a haifa ba. Ya tabbatar wa Nomau rawaninsa da gemunsa. Daga wannan rana kuma ya hana a isar masa da maganar baƙo sai da kunne na biyu a kusa.

Shi kuwa Waziri, Sarki ya ce tunda shi ya yi alkawarin inuwa, shi zai biya: kullum aka zauna a filin nan, shi zai riƙe laima har ranar da itacen ya karɓe shi.

Haka aka yi. Nomau kuma bai taɓa fashin biyowa ta wurin ba, yana taje gemu, ya tsaya ya gwada itacen da ɗan yatsa, ya yi wa Waziri albishir cewa saura kaɗan. Har ya tsufa yana kai ƙara wurin Sarki cewa mutumin nan ba ya amsa gaisuwa.