Manomi da Fitila Mai Caji Ɗari Uku

Akwai zaɓin da in mutum ya yi shi, ransa ya rataya a kansa ke nan har ranar da za a sa shi a ƙasa. Wani lokaci a rumfar mai sayar da cajar waya ake yin irin wannan zaɓi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai suyar awara.

Akwai wani mutum, manomi, mai gonar kuɓewa a bayan gari. Mutum ne mai tattali. Bai taɓa yar da lanƙwasasshiyar ƙusa ba, sai ya miƙe ta ya ajiye, tayar kekensa kuwa faci ya fi roba yawa. Sau biyu a mako yakan tashi tun duhun asuba, ya ɗaure kwandon kuɓewa a bayan keke, ya kama titin kasuwa, gama masu saye daga birni sukan loda kayansu su tafi kafin rana ta ɗaga. Tafiyar awa guda ce. A tsakiyarta akwai wani dogon gangare mai sauka zuwa gada.

A gangaren nan ne, farkon damina, mota ta kaɗe wani maƙwabcinsa. Direban ya ce bai gan shi ba. Ba wanda ya ƙaryata shi, gama baƙin keke a cikin duhu ba abin kallo ba ne.

Da aka dawo daga jana'iza, matar manomin ta ce masa, "Baban Rahila, ka sayi fitilar baya, irin jar nan da ake yi wa caji."

Ya ce, "Shekara talatin ina bin titin nan."

Ta ce, "Shi ma talatin ya yi."

Ranar kasuwa ta gaba ya je rumfar. Mai rumfa ya jera masa fitilu uku. Ta farko arha ce ƙwarai, har ta fi ƙullin gishiri arha. Manomin ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ji wani abu yana yawo a ciki, ya ajiye. Ta biyu mai tsada ce, tana da salon ƙiftawa kala bakwai.

Ya ce, "Ni ba biki zan je ba."

Ta uku tana tsakiya, a farashi da girma. Ya sa mai rumfa ya tsoma ta a kofin ruwa, ta fito tana ci. Ya sake ta ƙasa, ba ta fashe ba. Ya maƙala ta a bakin kwandonsa, ya jijjiga keken, ba ta faɗi ba. Sa'an nan ya bar ta a kunne, ya taka har layin mahauta, ya waiwaya, ya hango jan yana ƙiftawa da rana tsaka.

Mai rumfa ya ce, "Dattijo, wanda ya auri 'yata ma bai yi wannan binciken ba."

"'Yarka ba ta zo da garanti ba?"

"Ita ma wannan ba ta da shi. Amma in ka cika ta, awa goma take yi."

Ya zaɓi ta ukun, kuma ya zaɓa daidai. A lura da wannan, domin babu inda za a ga laifin fitilar a labarin nan. Har ya juya zai tafi, sai ya yi tambayar da ya kamata ya bar ta a cikinsa.

"Sau nawa za ta ɗauki caji?"

"Kamar sau ɗari uku, sai batirin ya gaji."

"Bayan ɗari ukun fa?"

"Sai ka dawo mu gaisa."

Maganar nan ta bi shi har gida. Cajin kansa ba ya cin masa kome, gama akwai sola a gidan fasto, kowa yana kai wayarsa. Abin da ya dame shi shi ne, ashe fitilar tana da adadi, kowane caji kuma ragi ne. Da ya kai lissafin ƙarshe, da ya ga cewa ko ya bar ta a kunne daga ƙofar gida har kasuwa, za ta kai shi kusan shekara talatin, shi kuwa ya riga ya ba sittin baya. Amma bai kai lissafin ƙarshe ba. Ya tsaya a inda ya ji tsoro.

Sai ya yi tunani a zuciyarsa ya ce, "Don mota aka yi fitilar nan. Mota kuwa tana da ƙara. Me zai sa in haska wa kwaɗi hanya? In na ji mota, sai in kunna. In ta wuce, sai in kashe."

Ya koyi miƙa hannun hagu baya yana tafiya, ya danna maɓallin ba tare da ya waiwaya ba, har ya gwanance. Matarsa takan tsaya a ƙofar gida da asuba tana kallonsa, don haka yakan fita da fitilar a kunne. In ya sha kwanar majami'a, inda idonta ba ya kaiwa, sai ya kashe.

Dabarar ta yi aiki, ba laifi. Wata uku yana haka, sau biyu kawai ya kai fitilar gidan fasto. Bayan sujada yakan nuna wa dattawa ita yana cewa, "Wannan, in Allah ya yarda, ita za ta binne ni." Su yi dariya, su yaba masa hankali.

To, akwai wani direban akori-kura mai dakon masara, shi ma mutum ne mai tattali. Ya lura tun da daɗewa cewa mota ba ta bukatar mai in tana gangarawa. Don haka duk lokacin da ya iso saman gangaren nan, sai ya cire giya, ya kashe inji, ya bar ta ta sauka da nauyinta. Batirin motarsa kuma ya tsufa, saboda haka yakan kashe fitilu ma, tun da ya san titin kamar yunwar cikinsa. Shi ma dabararsa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Wata asuba, ana yayyafi, hadari ya hana gari wayewa, mutanen nan biyu masu hankali suka hau gangare ɗaya. Manomin yana gaba, ya kasa kunne kamar kullum, hannun hagunsa a shirye. Ya ji kwaɗi. Ya ji ƙarar sarƙar kekensa. Bai ji mota ba, gama buhun masara ashirin ba su da murya. Akori-kurar ta kaɗe shi daga baya.

Direban ne ya ɗauke shi, yana kuka, ya nufi asibiti da shi, wannan karon inji a kunne. Kafin su isa, rai ya yi halinsa.

Da yamma direban ya zo gidan makoki, ya durƙusa a gaban matar. Ya ce, "Mama, da na hango ko ɗigon ja, da na taka birki tun daga sama."

Ta ce, "Yana da fitila. Da idona na ga ya fita da ita tana ci."

Sai wani ya miƙo mata fitilar, wadda aka tsinto a cikin ciyawa tare da kuɓewar. Ko ƙwarzane babu. Ta danna. Jan haske ya cika rumfar makokin, yana ƙiftawa a fuskokin masu zaman makoki ɗaya bayan ɗaya.

Ta daɗe tana kallonta, sa'an nan ta ce, "Ashe a cike take."

Ma'anar wannan misali ita ce: fitilar bangaskiya ce. Manomin ba marar bi ba ne, kada mu yi saurin duban waje. Ya bincika, ya gwada, ya zaɓi abin kirki, aka yi masa baftisma, sunansa yana cikin ikilisiya. Abu ɗaya kawai ya rage: ya ɗauka cewa bangaskiya kayan ajiya ce, ana fito da ita in an ji hatsari yana tafe.

Da yawa a cikinmu haka muke. Wani yana jira ya ji ciwo a ƙirji kafin ya tuba. Wani shekara shida ba ya magana da ƙanensa saboda iyakar gona, yana cewa zai je su shirya in ya ji an kwantar da ƙanen a asibiti. Wata ta ajiye addu'a sai ranar da likita ya sunkuyar da kai. Dukanmu mun kasa kunne, hannu a shirye, muna da tabbacin cewa za a yi mana ƙara tukuna. Ban san wanda ya yi mana wannan alkawari ba. Ubangiji dai bai yi ba.

Kwanar majami'a kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Kowa ya san tasa, ya san daidai inda idon fasto da na iyali yake ƙarewa, inda hannu yake komawa baya da kansa.

Kada kuma wani ya zauna lafiya don ba shi da keke. Direban ma namu ne. Shi ne duk wanda ya rage wa kansa wahala a wurin da wani zai biya da jikinsa, yana kiran abin dabara.

A wuri ɗaya ne misalin ya gaza, kuma gara in faɗa. Fitilar manomin tana da adadi. Alherin Allah ba shi da shi. Ba a taɓa jin wanda ya yi gafara har ta ƙare masa ba, ko wanda ya yi addu'a har aka ce ya dawo ya sayi wata. Manomin aƙalla yana da ɗari ukun da yake tsoro. Mu ban san abin da muke adanawa ba. Ku kunna tun daga ƙofar gida, 'yan'uwa, ku bar ta tana ci, ko da kwaɗi kaɗai ke gani.

Fitilar tana nan a akwatin Maman Rahila. Saura mata caji ɗari biyu da casa'in da takwas.