Sunan Ɗan Farin Lantana

Ku yi mini haƙuri, wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Na kasa tuna ko a Gumel aka yi shi ko a Kazaure, sunan shugaban makarantar ma ya tafi. Abin da ya rage shi zan ba ku, don ni dai na kasa yanke hukunci a kansa.

Akwai wani yaro, Jazuli, ɗan fari ne a wurin uwarsa Lantana. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Yana ƙaramar sakandare kakar ta rasu, aka mai da shi gidan iyayensa. Daga nan yaro ya yi shiru. Ba ya amsa tambaya a aji, ranar jarrabawa kuma sai ya miƙa takarda fara fat. Shugaban makaranta ya ce in zangon karatu ya ƙare a haka za a sallame shi. Uban ya ce shi ke nan, sai ya tura shi birni koyon gyaran babur. Mata uku ne suka tsaya tsakaninsa da wannan kora.

Ta farko ita ce Malama Sahura, malamar ajinsu. Lissafi take koyarwa, ko kuwa Turanci ne? Ina jin lissafi. Sauran malamai suka ce taurin kai ne, a ba shi bulala. Ita ta ƙi, domin ta san shi tun yana ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Ta kuma lura cewa duk safiya in ta zo kansa a kiran suna, sai ya ɗago ya zuba mata ido, kamar yana so ta maimaita. Ba ta gane ma'anar haka ba, har ta ɗauka iska ce ta taɓa shi. Amma ta roƙi shugaba ya dakata, ta kama hannun yaron ta kai shi ofishin Malama Raliya. Ba don ita ba, da an kore shi ba wanda ya tambayi dalili.

Ta biyu ita ce Malama Raliyar nan. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta, kuma ba ta da aji. Aikinta sauraron yaran da wani abu ke damunsu, da shiga tsakaninsu da malamai da iyaye. Yara suna ce mata Malamar Shawara. Ba ta matsa wa Jazuli ba. Sai ta ajiye faranti da gyaɗa a tsakaninsu, suna ɓarewa, in an kaɗa ƙararrawa ya tashi. Sun daɗe a haka, ban san makonni nawa ba. Rannan ya ce, “Malama, in mutum yana kiran kowa da sunansa, kai kaɗai yake ce wa ‘kai yaron nan’, me ke nan?”

Ashe kunyar ɗan fari ce. Lantana tana kiran ƙannensa da sunayensu, tana wasa da su, shi kuwa ba ta haɗa ido da shi, tuwonsa ma ƙanwarsa take ba wa ta miƙa masa. Ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci masa rai ba, ga kakar da ke kiran sunansa da safe tana kabari. Malamai suka yi ta tambayar Malama Raliya abin da ya ce, ta ce amana ce. Sai da ta nemi izninsa kafin ta je gidansu. Ba don ita ba, da ba wanda ya san inda ciwon yake.

Ta uku ita ce Lantana. Da Malama Raliya ta gama bayani, sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, “Malama, ke 'yar ina ce? Ni zan kama sunan ɗan fari? Ai sai dangin mijina su yi ta yi da ni har in mutu.” Malama ta ce, “Yaya, ban ce ki yar da kunya ba. Abin da kike yi don kunya, shi ƙi yake gani.” Lantana ta sallame ta a haka. Amma ana gab da jarrabawa ta zo bakin ƙofar makaranta lokacin tashi, ga iyaye, ga masu sayar da awara, har da wata ƙanwar mijinta. Ta hango shi, ta ce, “Jazuli, zo mu tafi gida.” Aka kuwa yi ta yi da ita, har a gidan biki. Yaro ya zauna jarrabawar ya rubuta, ba a kore shi ba. Ba don ita ba, da aikin sauran biyun ya tsaya a baki.

Jazuli ya girma, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Ya zo wurina ya ce, “Baba Malam, sunan ɗaya daga cikin matan nan uku zan sa mata, wanne zan sa?” Na ce uwa, sai na tuna daga wurinta ciwon ya fito. Na ce Malama Raliya, sai ya ce ai aikinta ne ta yi. Na ce to Malama Sahura, sai na tuna ita iska ta zata. Amsar da na ba shi a ƙarshe tana cikin abin da ya kuɓuce mini.

Abu ɗaya dai na tabbatar. Na aika an tambayi Lantana da kanta, ta ce tun daga ranar nan ta bakin ƙofar makaranta ba ta sake furta sunan ba, har yau.

To, ku da kuka ji, a cikin matan nan uku wace ce ta fi cancanta a sa wa jaririyar sunanta?