Hannun Daman Tobias Mai Zane

An yi wani sarki, tun zamanin da jirgin ruwa ke jiran iska kafin ya motsa, a wani tsibiri na arewacin Turai inda rana ke rowar fitowa, sunansa Osmund. Sarki ne mai sassauci ga talakawa, mai jimirin sauraren ƙara, sai dai yana da saurin fushi idan ya ga kamar an raina masa hankali. Matarsa ta rasu ta bar shi shekara bakwai cikin kaɗaici, har manyan ƙasa suka taru suka roƙe shi ya sake aure, domin gadon sarauta ba shi da magaji.

To, ya kai mai karatu, akwai wata al'ada ta sarakunan wancan yanki da ya kamata ka sani, domin a kanta al'amarin nan duka ya rataya. Sarki ba ya ƙetare teku don ya je zance. Sai a kira mai zanen fada ya zana fuskar sarki a ɗan allon da bai wuce tafin hannu ba, ya kai wa gimbiyar da ake nema, ya zauna can ya zano tata fuskar ya komo da ita. Idan kowa ya gamsu da abin da ya gani, sai a ɗaura aure ta bakin wakilai, alhali ango da amarya ba su taɓa haɗa ido ba. Ka ji fa!

Haka aka aiki Tobias mai zane zuwa wajen Gimbiya Gisela, wadda ta ba shekara talatin baya, ta kuma shahara da hankali da iya magana. Ya dawo bayan wata huɗu da hoton wata mace mai sumul ɗin fuska da idanu masu dariya, sarki ya gani ya amince, aka ɗaura aure. Amma ranar da jirginta ya iso ta yaye lulluɓi a gaɓar teku, sai ga fuska cike da zanzana, tabon aganar da ta yi tun tana ƙarama. Fuskar sarki ta sauya. Ya raka ta har sashenta cikin girmamawa, sannan ya koma fada ya sa aka jefa Tobias kurkuku, ya kuma rantse sai hauni ya sare masa hannun dama.

Sai dai dokar ƙasar ba ta yarda a taɓa gaɓar mutum ba sai da hukuncin alƙali. Aka kira Alƙali Hubert, wani tsoho mai ƙaramin jiki wanda alkyabbarsa ta koɗe don daɗewa. Sarki ya ce masa, "Ya kai alƙali, ga tambaya guda, na ba ka kwana uku. Mai zanen nan ya yi mini ƙarya ko bai yi ba? In ka ce ya yi, hannunsa ya tafi. In ka ce bai yi ba, to ka ƙaryata idanuna ke nan a gaban fadawana, sai ka nemi wata kujerar zama."

Hubert ya sunkuya ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Da ma kujerar ta fara cin bayana, amma zan yi bincike."

Ya fara da kurkuku. Ya iske Tobias zaune bisa ciyawa, ya cusa hannun damansa cikin riga kamar mai ɓoye jariri. Alƙali ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, ba ka ga zanzanar ba ne?"

"Na gani, baba, ai ba makaho ba ne ni. Kwana arba'in na yi ina kallon fuskar nan. A kwanakin farko ban ga komai ba sai tabo. Da ta fara yi mini hira, tana tambayata sunayen 'ya'yana, tana yi mini dariyar yadda nake faɗin kalmomin harshensu, wallahi sai na daina ganinsa. Amma ba zan fake da wannan ba. Ko da ban daina ganinsa ba, da ban zana ba. Wa ya taɓa zana tabo a fuskar jinin sarauta ya kwana da kansa?"

Alƙali ya ce, "To hoton sarki da ka tafi da shi fa, shi ma ka gyara shi?"

Tobias ya ɗago ido ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, hannu ɗaya ake nema a wurina. So kake a haɗa da harshe?"

Wannan amsa ta ishi Hubert. Kashegari ya nemi iso wurin sarauniya, ya same ta zaune gefen murhu, akwatunanta a ɗaure yadda suka sauka daga jirgi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, na zo roƙon aron hoton da aka kai miki."

Ta ce, "Na san dalili, kuma ba zan bayar ba. An kunyata mutum ɗaya a ƙasar nan, ya isa."

"Ranki ya daɗe, ya yi kama da mai shi?"

Sai murmushi ya suɓuce mata. "Alƙali, da na sauka daga jirgi na yi ta waige ina neman mutumin cikin hoton. Da na ga wani mai sanƙo da tumbi yana ɗingishi zuwa wurina, sai na ce a raina, kai, mutanen nan akwai mutunci, har baffan ango ya fito tarya."

Tsohon ya yi tari don ya danne dariya.

Ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Amma ka san abin da na gani bayan haka? Tsohuwar da ta raine ni tana karkarwar sanyi a bayana, ba wanda ya kula. Shi kuwa, duk da fuskarsa ta sauya saboda ganina, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa mata. Nan na ce wannan ya fi na allon. Ni na gama nawa hukuncin tun a gaɓar teku, shi ne bai gama nasa ba."

Hubert ya ce, "Mutum mai 'ya'ya biyar zai rasa hannu gobe, kuma ba shi da wani mashaidi a duniya sai ɗan allon nan."

Daga bisani ta zaro allon daga cikin wani ƙyalle ta ce, "Da sharaɗi. Ido biyu kaɗai za su gan shi, na mijina. In ka bari bafade ko ɗaya ya leƙa, ban yafe maka ba."

Rana ta uku fada ta cika maƙil, hauni na tsaye da gatari, an gurfanar da Tobias. Alƙali ya shigo da ɗan akwati a hammata ya ce, "Allah ya ba sarki nasara. Amsata ita ce, mai zane ya ɓoye gaskiya, babu ko shakka." Fadawa suka ɗauki guna-guni, Tobias ya runtse ido. "Sai dai bincike ya nuna sau biyu ya aikata laifin, da hannu guda, cikin shekara guda, kuma na farkon umartarsa aka yi. Shari'a ba ta hukunta ɗan aike ta ƙyale wanda ya aike shi. Shaidar na cikin akwatin nan, amma an ɗora mini amanar kada kowa ya gani sai sarki."

Sarki ya karɓa ya buɗe. A ɓangare guda ga wani saurayi mai cikar gashi da faɗin ƙirji, haƙoransa reras. A ɗaya ɓangaren Hubert ya manna madubi. Osmund ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya tuna cewa da bakinsa ya ce wa Tobias, "Ka mayar mini da gashina, ka kuma rage mini shekara goma sha biyar." Kunnuwansa suka yi ja.

Ya rufe akwatin ya tambaya a hankali, "Wa ya ba ka wannan?"

"Wadda aka kai wa, ranka ya daɗe. Ta gani, ta kuma ga na cikin madubin, ba ta sa an kama kowa ba. Da ƙyar ma ta ba ni, don tana tsoron kada a kunyata ka."

Sarki ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya miƙe, ya sauko daga karaga da ɗingishinsa, ya kwance igiyar hannun Tobias da kansa. Ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku shaida, alƙali ya rufa mini asiri, amma ni zan tona kaina. Ni na fara sa a yi ƙaryar, ni kuma na fara kuka da aka yi mini irinta. Tobias, je ka wanke buroshinka. Za ka zana ni da sarauniya a allo guda, sanƙo da zanzana, kada ka rage ko ɗigo, a rataye shi a zauren nan."

Tobias yana hawaye ya ce, "Har da tumbin, ranka ya daɗe?"

"Kada ka wuce gona da iri," in ji sarki, fada ta fashe da dariya. "To, har da shi."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai sashen sarauniya, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo ya ce, "Gisela, na zo neman gafara."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Shigo, baffa. Ango bai samu zuwa ba ne?"

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango, a ranar kuma aka kwance akwatunanta.

Shi kuwa Hubert, sarki ya yafa masa sabuwar alkyabba, ya ɗaukaka shi bisa dukkan alƙalan ƙasa, ya kuma sa aka sassaƙa masa kujera mai laushi saboda bayansa. An ce har ƙarshen mulkin Osmund, ɗan akwatin nan na ajiye a gefen karaga, kuma duk sa'ad da fushi ya taso masa a kan wani, sai ya buɗe ya leƙa kafin ya yi magana. Domin lalle adalcin mai mulki ba ya tabbata sai ya yarda a auna shi da ma'aunin da ya ɗauko don wani, kuma mafi alherin mashawarta shi ne wanda ya nuna wa sarki aibinsa ba tare da ya nuna wa duniya ba.