Lambun da Ya Sha Rabon Wani

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da aka damƙa wa makullin ruwa.

Garuruwa biyu ne ke shan rafi ɗaya, ɗaya a sama, ɗaya a gangare. Da can ruwa ya ishi kowa. Da damina ta riƙa gajarcewa shekara bayan shekara, rafin ya ja baya, sai dattawan ɓangarorin biyu suka zauna suka raba kwanaki: uku na mutanen sama, huɗu na mutanen gangare. Aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin hanyar ruwa, aka ba mutumin nan makulli, domin lambunsa ne na farko bayan ƙofar, kuma kullum ana ganinsa a sahun gaba.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gadonsa ya faɗa can gangare, inda ruwa ke isa a gajiye. Amma Allah ya sa wa hannun ƙanen albarka, albasarsa ta fi ta kowa. Ranar kasuwa wan yana zaune gefen buhunansa, masu saye su wuce shi suna tambaya, "Ina ƙanenka ya sauke kaya?" Sai ya yi murmushin yaƙe ya nuna musu.

Me ƙanen ya ɗauka nasa? Ko tsinke. Laifinsa ɗaya, an yabe shi a gaban wansa.

Mutumin bai rufe ƙofa ba, ya fi haka wayo. Ranar mutanen gangare sai ya buɗe ta a gaban kowa, sannan ya zaga ta cikin dogayen ciyayi da fartanya, ya ɓalle bakin lambunsa, rabin ruwan ya karkata ciki. Lambun da ya riga ya ƙoshi! Ruwa ya cika kowane fangali ya kwanta, rana ta shanye, washegari a ƙara. Shi ba ruwan yake so ba, burinsa kada ya isa can.

Matarsa ta kawo masa abinci, ta ga yana tsoma ƙafa har ƙauri. Ta ce, "Malam, albasa kake nomawa ko kifi za ka kiwata?" Ya ce ta kula da tukunyarta.

Da mutanen gangare suka kawo kuka, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Rafin ne ya ƙafe, ku ma kuna gani. Ni na hana girgije zuwa?" Wasu suka yarda, domin ƙarancin ruwan gaskiya ne. Wasu suka ce mutanen sama duk ɓarayi ne. Aka fito da sanduna, aka fasa wa wani magidanci kai, surukai suka daina gaisawa.

Ƙanen ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, albasata tana mutuwa. Ka taimake ni da rabin yini daga rabonka." Wan ya ce, "In da ina da shi ai ba sai ka roƙa ba." Ya ga idon ƙanensa ya kawo ruwa, kuma wallahi daɗi ya ji. Wannan wurin ne ya fi ba ni tsoro a labarin nan.

Rani biyu yana haka. Manoma sun sani, ruwan da ya kwanta a ƙasa mai zafi yakan jawo gishirin da ke can ƙarƙashi, rana ta busar da ruwan, gishirin ya zauna a sama. Shi ma ya sani, hassada ce ta mantar da shi. A rani na uku lambun ya yi fari fat. Iri ya tsiro ya ƙone. Ya zuba taki, ya kafce, ya sake shuka, a banza.

Dattawa suka bi hanyar ruwa da malamin gona don a sasanta rigimar. Malamin gonan ya tsaya a lambun nan, ya murje ƙasa, ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan ƙasa yawan ruwa ne ya kashe ta. A shekarun da kowa ke kukan ƙishirwa, wa ya ba ta wannan ruwan?"

Kowa ya juya yana kallon mai makullin. A nan tsaye aka karɓe makullin.

Da ruwa ya koma gangare, lambun ƙanen ya farfaɗo a rani ɗaya, domin ƙishirwa tana warkewa. Na wan kuwa ko ciyawa ta ƙi shi. Ƙanen ya aiko a ce masa ya zo ya noma rabin nasa, don ya ciyar da iyali. Wan ya tafi har bakin lambun, ya ga ganye shar yana kaɗawa, zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya juya gida. 'Ya'yansa suna jiransa, ya shigo hannu sake.

Ya 'yan uwa, ruwa yana raguwa, wannan jarrabawa ce a kanmu duka. Amma ba ƙarancinsa ne ya rusa mutumin nan ba. Rabonsa ya ishe shi, ganin alheri a hannun ɗan'uwansa ne bai iya ba. Kowa ya binciki kansa: nasarar wa ce take hana ka cin abinci?

Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ke ciwo don wani ya samu. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya sa mu bar shi ya wuce zuwa ga mai rabo. Amin.