Ranar da Manhajar Zane Ta Ƙi Buɗewa a Shagon Alhaji Barau

Wani ne ya danna, kuma ya san kansa. Kwamfuta ba ta sauya hali haka kawai. Tambaya ta yi, ta ce ko a sabunta mata babban tsarin da take gudana a kai, wani mai ƙaiƙayin yatsa ya ce mata to, ya kaɗe riga ya tafi cin abinci. Har yau bai fito ya ce shi ne ba. Ba zan kama suna ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba, maganar ce ba tasa ba. Ku dai matso ku ji abin da yatsan nan ya jawo, don ku za ku yanke hukunci.

Alhaji Barau mai ɗinkin kwamfuta ne a Gusau. Da allura da zare ya fara aikin wuyan riga. Da ya sayi inji, sai ya zauna ya mayar da zanen da ya ƙirƙiro, ɗaya bayan ɗaya, cikin manhajar zane, wadda ita ce ke gaya wa injin inda allura za ta sauka. Daga baya idonsa ya yi rauni. Yanzu ko me za ka ba shi, ba zai iya sake zana ko guda ba.

A makon da abin ya faru, akwai shaddar wani ango da ta abokansa a shagon, duk an yanka, duk aiki iri ɗaya za a yi wa wuyansu. An gama rabi, saura rabi, ɗaurin aure kuma ranar Asabar. Kada wani ya ce mini a kai wani shago. A kai da wane zanen? Zanen na Alhaji ne, a kwamfutarsa kaɗai yake. Abokan ango su fito rabi da wannan wuya, rabi da wancan, ai sunan Barau ya mutu a garin.

Da safe aka kunna kwamfuta, ta fito da sabuwar fuska tana ƙyalli. Aka danna manhajar zane, ta leƙo ta koma. Aka sake, ta sake komawa. Alhaji ya shafa shaddar da ke jibge, ya kira 'ya'yansa uku, ya ce, “Na rantse da Allah, wanda ya tayar mini da abin nan a cikinku, shagon nasa ne. Ni dama na gaji.”

Shafa'atu, 'yarsa, ita ke karɓar aiki a hannun mutane. Tana zaune aka kira mai gyara, ya duba ya ce maganin ɗaya ne, a goge komai a sake zubawa. Har ya miƙa hannu, ta janye kwamfutar ta rungume. Ya ce, “Hajiya, in an sake saka manhajar ai komai zai dawo.” Ta ce, “Ka taɓa gani ya dawo, ko tsammani kake? Ba wanda zai taɓa ta sai na ga zanen Baba a wani wuri da idona.” Aka yi ta ce mata tana ɓata lokaci, har uban ya daka mata tsawa, ta ƙi saki. Ta bi kwamfutar lungu-lungu har ta gano inda zanen yake, ta kwashe shi tas a fulash. Ashe Alhaji duk shekarun nan a cikin jakar manhajar kanta yake ajiye aikinsa. Duk wanda ya cire manhajar, da zanen zai tafi.

Nafi'u, ƙaramin, waya yake sayarwa a kasuwa, kuma da taɓe-taɓe ya koyi kwamfuta. Ya sallami mai gyara, ya ce ba sai an goge komai ba. Ya cire manhajar, ya fara saka ta sabuwa, ta kai tsakiya ta cije. Ya sake, ta cije a wuri guda. Da wani ne, da ya buga tebur, shi kuwa sai ya tsaya ya karanta abin da take faɗa, abin da yawancinku ba ku yi, kun fi son ku danna ku wuce. Ya gane tarkacen tsohuwar ne ya tare hanya, ya bi ya share. Sai manhajar tsaro ta sabon tsarin ta kama wani ɓangare ta ce ɓarawo ne. Ya dakatar da ita na ɗan lokaci. Sannan ya saita kwamfutar ta riƙa tafiyar da manhajar kamar a tsohon tsari take. Ta shiga, ta buɗe. Shafa'atu har ta fara guɗa, sai ga rubutu a allo: ba a ga makulli ba.

Makullin nan wani ɗan abu ne kamar fulash da ake sokawa a gefen kwamfuta, shi ne shaidar cewa manhajar ta halal ce. Yana soke a wurinsa, amma fitilarsa a mace, don sabon tsarin bai san shi ba. Sai an samo wata 'yar manhaja da ake kira direba, mai gabatar da shi. Ita kuwa a hannun dilan da ya sayar da injin take, a Kano. Dilan nan Alhaji ya taɓa wanke shi tas a gaban mutane saboda ya yi jinkirin turo makanike. Tun daga ranar, in ya ga lambar gidan Barau ba ya ɗauka.

Lawwali, babban, bai san inda ake kunna kwamfuta ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Abin da Allah ya ba shi baki ne da haƙuri. Ya hau mota ya tafi Kano. Dilan ya bar shi a benci kamar bai gan shi ba, da ya juyo kuma ya sauke masa duk abin da ya tara wa ubansa. Lawwali ya durƙusa ya shanye, ya ce, “Ranka ya daɗe, Baba ne ya taso ni takanas in ba ka haƙuri. Kunya ce ta hana shi zuwa.” Ƙarya ce, Alhaji bai aike shi da ko gaisuwa ba. Amma zuciyar mutumin ta yi sanyi. Ya tura direbar da ta dace da sabon tsarin, ya kira Nafi'u da kansa ya bi da shi har aka saka.

Fitilar makulli ta kama. Shafa'atu ta soka fulash, zanen ya dawo ba ko ɗaya da ya ɓace. Inji ya ɗauki ƙara, ƙarar da maƙwabta ke ƙorafi a kanta kullum, ranar kuwa har leƙowa suka yi suna barka. Da wuyan farko ya fito, Alhaji ya bi shi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya kwatanta da na da, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Shi ne. Alhamdu lillahi, shi ne.” Ranar Juma'a aka kai kaya, ranar Asabar ango ya sa, abokai suka sa, ba wanda ya san an yi wani tashin hankali.

Sai da hankali ya kwanta aka tuna da rantsuwa. Shafa'atu ta ce ba don ita ba, da manhaja ta buɗe fayau ba abin ɗinkawa, kuma idon da ya zana ba ya dawowa. Nafi'u ya ce zane a fulash ba ya ɗinka riga, Baba kuma cewa ya yi wanda ya tayar, shi Nafi'u kuwa shi ne ya tayar. Lawwali ya yi dariya ya ce, “Ka tayar ta tsaya a ƙofa tana neman makulli. Wa ya sha zagi a Kano?” Nafi'u ya ce da ƙarya ya samo. Lawwali ya ce ƙaryar ce ta ɗinke zumunci, ta kuma ɗinke shadda.

Alhaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Inji ɗaya ne, makulli ɗaya, shago ba ya rabuwa uku, ga rantsuwa a wuyansa.

To, ga ku ga su. Kada kowa ya ce mini a raba, mutumin bai rantse a kan rabo ba. Ku cire mini mutum ɗaya daga cikin ukun nan, ku ce ko babu shi da ango ya sa rigarsa ranar Asabar, in akwai mai iya faɗin haka ya miƙe. In kuwa babu, wanne a cikinsu Alhaji Barau zai miƙa wa shagon?